Mari ba sai na ƙarfe ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san mari. Ya san ƙarar sarƙa a ƙafar wanda hankalinsa ya gushe, an ɗaure shi a turke bayan gida ko a zauren wani malami, dangi suna cewa don kada ya ji wa kansa ciwo ne. Da yawa daga cikinmu, musamman waɗanda suka yi lakwal, in aka ɗauko wannan zance sai su sunkuyar da kai, su ce alamar ci-baya ce, a ƙasashen da suka waye ba a yin haka. To, a wannan mako muna so mu kai mai karatu can ƙasashen da suka waye ɗin, mu nuna masa wani irin mari da ba ya ƙara, ba ya barin tabo a idon sawu, kuma likita ne ke rubuta shi da alƙalami. Faransawa da kansu sun raɗa masa suna, suna kiransa rigar ɗauri ta ƙwaya.

A can, idan tsoho ya kai munzalin da ba ya iya wanka ko cin abinci da kansa, sau da yawa akan kai shi gidan kula da tsofaffi, ana biyan kuɗi wata-wata, ko daga aljihun iyali ko daga asusun gwamnati. A Amurka akwai irin waɗannan gidaje wajen 15,000, kuma mazauna cikinsu sun haura miliyan 1. A Faransa, inda ake kiransu EHPAD, sun kai wajen 7,500, da tsofaffi kimanin 600,000. Rabin waɗannan bayin Allah, ko kusa da haka, suna fama da abin da mu muke kira gigin tsufa: mantuwa, rashin gane ƴaƴa, yawon dare, tuhumar mutane da sata, wani lokaci har da duka da cizo. Kada mu yi saurin zagin ƴaƴansu. Mata da miji duk suna aiki, gidan ɗaki biyu ne a hawa na bakwai, babu matan ƙanne, babu jikoki goma a tsakar gida da za su riƙa leƙa kaka. Abin da ya kawo mu yau shi ne abin da ake ba tsohon ya haɗiya bayan an rufe ƙofa, da kuma wanda ke da alhakin rubuta dalili.

Magungunan da ake magana ba baƙi ba ne a wurin malaman asibitinmu. Largactil, a shekarar 1952 ne likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna amfaninsa ga masu taɓin hankali a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris. Haldol ya fito daga ɗakin binciken Paul Janssen a Beljiyam a 1958. Cikin shekarun 1990 sai ga sababbi, irin su Risperdal da Zyprexa da Seroquel. Ga mai fama da ciwon sikizofireniya, wanda ke jin muryoyi yana ganin abin da babu, waɗannan magunguna rahama ne, sun fid da dubban mutane daga ɗakunan kulle sun mai da su cikin iyalinsu. Amma suna da wata ɗabi'a da kowa ya lura da ita tun farko: suna kwantar da mutum. Wanda ya sha yakan yi laƙwas, ya rage magana, ya rage motsi, ya yi ta gyangyaɗi. Ka ɗauka ma'aikaciya ɗaya ce ke gadin dare a kan tsofaffi 30, ga wata tsohuwa tana ta kiran sunan mijinta da ya rasu shekara 20, ga wani yana ƙoƙarin buɗe ƙofa wai zai tafi gona. Ƙwaya ɗaya da magariba, sai kowa ya samu barci. Daga nan ne magani ke komawa mari, domin ba tsohon aka yi wa magani ba, gidan aka yi wa.

Da abin ya tsaya a gyangyaɗi, da da sauƙi. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta tattara sakamakon gwaje-gwaje 17 da aka yi kan tsofaffi masu gigin tsufa, ta tarar cewa a cikin mako 10 kacal, cikin kowane 100 da aka ba sababbin magungunan an rasa kimanin 4.5, alhali cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta an rasa 2.6. Sai ta tilasta a buga gargaɗi cikin baƙin akwati a takardar maganin, wanda shi ne gargaɗi mafi tsanani a dokarsu. A 2008 ta faɗaɗa gargaɗin ya haɗa da tsofaffin magunguna irin su Haldol. A Ingila, rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta cewa masu gigin tsufa 180,000 ne ake bai wa waɗannan magunguna a shekara, waɗanda ke amfana da su ba su wuce 36,000 ba, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a kowace shekara. Hanyoyin da abin ke bi a bayyane suke: mai magagi yakan faɗi ya karye a ƙugu, kuma tsohon da ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya sake tashi, haɗiya takan yi masa wuya, abinci ya bi hanyar iska ya haifar da ciwon huhu, bugun zuciya yakan rikice, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ƙaru.

Mai karatu zai ce, to ina hukuma? Hukuma tana nan, kuma ba ta yi barci ba, shi ya sa labarin ya dace da wannan shafi. Tun 1987, zamanin shugaba Ronald Reagan, majalisar Amurka ta kafa dokar gyaran gidajen tsofaffi, bayan wani rahoto na 1986 ya fallasa halin da ake ciki. Dokar ta ce mazaunin gida yana da haƙƙin kada a ɗaure shi, ko da igiya ko da ƙwaya, don ladabtarwa ko don sauƙaƙa wa ma'aikata aiki. Makamin da ta dogara da shi kuwa takarda ce, wadda za mu kira takardar tsarin kulawa. Bisa ƙa'idojin da aka sabunta a 2016, cikin awa 48 da shigar mutum gida dole a rubuta tsari na wucin gadi. Cikin kwana 14 a yi masa cikakken bincike: lafiyarsa, hankalinsa, abin da yake iyawa, abin da ya saba. Cikin kwana 7 bayan haka a zauna a rubuta cikakken tsari, kuma waɗanda za su zauna ɗin an ambace su: likitansa, ma'aikaciyar jinya mai diploma, mataimakiyar da ke yi masa wanka da shimfiɗa, wani daga sashen abinci, da shi kansa tsohon da wakilinsa gwargwadon yadda zai yiwu. Kowane wata 3 a sake dubawa.

Idan akwai maganin taɓin hankali a ciki, sai sharuɗɗan su ƙara tsauri. Dole a rubuta ciwon da aka gano wanda ya wajabta maganin. Kowane wata masanin magunguna ya duba duk abin da tsohon ke sha, ya rubuta wa likita abin da ya ga bai dace ba. Umurnin nan na a bayar in bukata ta taso, wanda shi ne ƙofar da ake bi a yi ta ɗura wa mutum ƙwaya cikin dare ba tare da likita ya gan shi ba, an taƙaita shi ga kwana 14, kuma ba a sabunta shi sai likita ya duba mutumin da idonsa. Sannan dole a gwada rage maganin sannu a hankali, a haɗa da wasu dabaru da ba na ƙwaya ba, sai fa in likita ya rubuta hujjar da ta hana.

Ɗan kasuwa zai gane hikimar wannan tsari da sauri. Babu mai shago a kasuwar Maraɗi da zai ba da buhu 50 na shinkafa bashi bai rubuta sunan mai karɓa, da adadi, da ranar biya ba. Bashin da ba shi da ranar biya ya zama kyauta. Haka maganin da ba a rubuta masa dalili da ranar dubawa ba: likitan da ya fara rubutawa ya yi canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya tarar da sunan ƙwayar a dosiye ya ci gaba da sa hannu, ma'aikaciya tana bayarwa safe da yamma, shekara 3 ta wuce, babu wanda ya tuna cewa asalin abin dare ɗaya ne tsohuwa ta yi ihu saboda fitsari na yi mata zafi.

A kan takarda, ke nan, babu abin da dokar ta bari. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. A 2012 ofishin babban sufeto na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya ɗauki dosiye 375 na tsofaffin da ake ba waɗannan magunguna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kashi 99 cikin 100 sun saɓa wa aƙalla sharaɗi ɗaya na bincike ko na tsarin kulawa. A kimanin tara cikin goma babu wata shaida da ke nuna an zauna da tsohon ko da iyalinsa lokacin rubuta tsarin. Shekara 25 bayan kafa doka ke nan. A 2018 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, bayan ta ziyarci gidaje fiye da 100 a jihohi 6, ta ƙiyasta cewa a kowane mako ana ba mutum fiye da 179,000 waɗannan magunguna ba tare da suna da ciwon da aka yi maganin dominsa ba, da yawa kuma ba a nemi yardarsu ko ta danginsu ba.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalinmu, kuma muna roƙon ma'aikatan gwamnati su karanta shi da kyau, domin za su ga fuskar da suka sani. A 2012 hukumar da ke biyan kuɗin jinyar tsofaffi ta ƙaddamar da gangamin rage amfani da magungunan. Ta fara buga alƙaluman kowane gida a fili, daga baya ta sa su cikin makin taurari da iyalai ke dubawa kafin su zaɓi inda za su kai iyayensu. A ƙarshen 2011 kashi 23.9 cikin 100 na mazauna gidajen ne ke shan maganin. Zuwa 2019 adadin ya sauko ƙasa da kashi 15. Aka yi ta tafi. To amma ma'aunin yana da wata kafa: ba a ƙirga wanda aka rubuta yana da sikizofireniya, tunda shi maganin halalinsa ne. A watan Satumba na 2021 jaridar New York Times ta bi diddigi, ta gano cewa adadin mazauna gidajen da aka rubuta wa wannan ciwo ya ƙaru da kashi 70 cikin 100 tun daga 2012, har ya kai mutum 1 cikin 9, alhali a cikin sauran jama'a mutum 1 ne cikin 150. Kowane likita ya san wannan ciwo a ƙuruciya yake bayyana, da wuya ƙwarai ya fara kama ɗan shekara 80. Jaridar ta lissafa cewa ainihin masu shan maganin sun kai aƙalla kashi 21. Wani rahoton babban sufeto na 2022 ya ƙara tona wata dabarar: yayin da magungunan da ake sa wa ido ke raguwa, magungunan farfaɗiya, waɗanda su ma suna sa magagi amma ba a ƙirga su a makin, sun tashi daga kashi 28 zuwa kashi 40 tsakanin 2011 da 2019. Sai a watan Janairu na 2023 hukuma ta fara binciken gidajen da ke rubuta ciwon ƙarya.

Ba sai an fassara wa ma'aikacin ofishi wannan ba. Ranar da aka ce sufeto na zuwa daga Yamai, an san yadda rajista ke cika cikin dare ɗaya, da alƙalami iri ɗaya, da rubutun hannu ɗaya. Idan aka ce da lamba za a auna ka, to lambar za ka yi wa aiki. Bambancin kawai shi ne, a nan abin da ake gyarawa a takarda sunan ciwon mahaifiyar wani ne, kuma sunan zai bi ta har kabari, duk likitan da ya buɗe dosiyenta zai ɗauke ta a mai taɓin hankali.

Akwai kuma kuɗi, domin inda duk aka ga ungulu na shawagi akwai abin da ta hango. A 2013 kamfanin Johnson & Johnson ya amince ya biya dalar Amurka miliyar 2 da miliyan 200 don kashe ƙararrakin da gwamnati ta shigar, kuma reshensa ya amsa laifin tallata Risperdal domin tsofaffi masu gigin tsufa alhali ba a ba shi izinin haka ba. Cikin zargin har da biyan la'ada ga Omnicare, kamfanin da a lokacin ya fi kowa sayar wa gidajen tsofaffi magani, wanda shi ma ya biya dalar Amurka miliyan 98 a 2009 kan zarge-zargen la'ada. A lura da kyau: masanan magunguna na wannan kamfani su ne waɗanda ke zagayawa wata-wata suna duba dosiye don su ce wannan ƙwaya ta yi yawa. An ba kura ajiyar nama.

Ra'ayinmu shi ne, takardar tsarin kulawa ita ce katanga mafi muhimmanci tsakanin magani da mari, amma katangar ba ta tsayuwa sai da abu biyu: hannun da zai aiwatar da abin da aka rubuta, da idon wani na waje wanda ba ya cin riba da shirun tsohon. Batun hannu, lissafi ne mai sauƙi. Idan tsarin ya ce a zauna da tsohuwa minti 20 da la'asar, lokacin da gigin ke tasar mata, a kama hannunta a zagaya da ita, to sai akwai mai minti 20 ɗin. A 2024 gwamnatin Joe Biden ta kafa ƙa'idar cewa kowane mazauni ya samu aƙalla awa 3.48 na kulawar ma'aikata a rana, kuma a samu ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya a gida dare da rana. Masu gidajen suka garzaya kotu, wani alƙali a jihar Texas ya soke ƙa'idar a watan Afrilu na 2025, majalisa kuma a watan Yuli na shekarar ta hana aiki da ita har zuwa 2034. Hujjarsu ita ce babu ma'aikatan ɗauka kuma kuɗin ba za su isa ba. Wataƙila akwai gaskiya a ciki, musamman a karkara. Amma duk wanda ya yarda a rage hannu, ya san da abin da za a cike gurbin.

Faransa ma, wadda dokarta ta 2 ga Janairu 2002 ta ba kowane mazauni haƙƙin a tsara kulawarsa da sa hannunsa a ciki, ta ga iyakar takarda. A watan Janairu na 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafinsa Les Fossoyeurs kan rukunin gidajen Orpea, inda ya bayyana yadda ake tsuke abinci da ƙyallayen tsafta da yawan ma'aikata don riba, a gidajen da ake biyan kuɗi masu kauri. Sai da littafin ya fito gwamnati ta ba da umurnin a binciki dukkan gidaje 7,500 na ƙasar. Ɗan jarida ɗaya ya ga abin da sufetoci ba su gani ba cikin shekaru.

To mene ne tsarin kulawa na gaskiya, wanda ba don sufeto aka rubuta ba? Yana farawa da tambayar da ƙwaya ke binnewa: me ya sa wannan mutum ke ihu? Mai gigin tsufa ya rasa kalmomin da zai ce haƙorina na ciwo, ko kwana 5 ban yi bayan gida ba, ko ba na ji da wannan kunne shi ya sa na firgita da kika taɓa ni ta baya. Abin da ya rage masa shi ne ihu da ture hannu. A Norwe an yi wani gwaji da aka buga a 2011, a kan tsofaffi 352 masu gigi da tashin hankali. Maimakon maganin taɓin hankali, sai aka ba rabinsu maganin ciwo bisa tsari, mafi yawansu farasitamol kawai, wannan dai da ke kowane gida. Cikin mako 8 tashin hankalinsu ya ragu da kashi 17 cikin 100, da aka tsayar da maganin kuma ya dawo. Ashe ciwo ne ke damun da yawa daga cikinsu, ba su da bakin faɗi. Tsari na gaskiya yana rubuta wane hali ne takamaimai ake so a magance, da wane lokaci yake tasowa, da abin da aka gwada kafin a kai ga ƙwaya. Yana rubuta ko wane ne mutumin kafin ya zama lambar gado: wanda ya shekara 40 yana gadin dare ba zai yi barci ƙarfe 8 ba don gida ya ga dama.

Ba mu ce a zubar da magungunan ba, kuma muna gargaɗin kada wani ya karanta wannan shafi ya je ya tsayar wa mahaifinsa magani farat ɗaya, domin yin hakan na da nasa haɗarin. Wanda ya tsufa da sikizofireniyar gaske yana bukatar maganinsa. Akwai kuma mai gigin da abin da yake gani ke firgita shi matuƙa, ko yake neman raunata wani, wanda ƙwaya kaɗan na ɗan lokaci jinƙai ce a gare shi. A Ingila da Faransa an yarda a yi amfani da Risperdal a irin wannan hali, amma na mako 6 kawai, kuma bayan sauran dabaru sun gaza. Wannan mako 6 ɗin shi ne ranar biyan bashin. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2009 ya bi masu ciwon Alzheimer da aka ci gaba da ba su maganin da waɗanda aka janye masu: bayan shekara 2, kashi 46 na rukunin farko ne ke raye, a rukuni na biyu kuwa kashi 71.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gidajen tsofaffi irin na Turai ba su zama al'ada ba a Nijar, kuma a Damagaram ko Tawa wanda ya kai uwarsa irin wannan wuri sai ya nemi inda zai ɓoye fuskarsa. Amma magungunan suna nan, gigin tsufa ma yana nan, kuma zai ƙaru, domin a 1960 matsakaicin tsawon rai a ƙasar nan bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Gidan tsofaffinmu shi ne ɗakin nan na ƙurya, ma'aikaciyar dare kuwa matar ɗa ce ko ƴar auta, wadda ba ta da albashi, ba ta da ranar hutu, kuma in ta yi ƙorafi a ce ba ta da tarbiyya. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su taka kara sun karya ba, mafi yawansu kuma suna Yamai, inda sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa yake. Iyali sukan yi tafiya sau ɗaya, a rubuta masu ordonans, su koma gida su yi ta sayen abu ɗaya da tsohuwar takarda har ta yage. Wasu ma ba su zuwa ko'ina: tun bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, da farashin farmasi ya fi ƙarfin talaka, mai tallan magani a tire ko a bayan keke ya zama likitan unguwa, kuma in ka ce masa tsoho ba ya barci ba zai tambaye ka shekarunsa ba. Diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, yana cikin abin da ake miƙawa, alhali jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin ƙananan asibitoci ta ce a guje shi ga masu gigin tsufa. A Amurka aƙalla akwai dosiyen da sufeto zai buɗe ya ga an yi ƙarya. A ɗakin ƙurya babu ko wannan.

Ga kuma abin da ya shafe mu fiye da su. Waɗannan magunguna suna rage wa jiki iya daidaita zafinsa, wasu suna hana gumi, kuma mai magagi ba ya tuna ƙishirwa balle ya nemi ruwa. A zafin watan Agusta na 2003 Faransa ta rasa mutum wajen 15,000, mafi yawansu tsofaffi, kuma binciken da aka yi daga baya ya sa magungunan ƙwaƙwalwa cikin abubuwan da suka ƙara haɗari. Zafin da ya girgiza Faransa na mako biyu ne. Mu a nan daga Maris zuwa Mayu ma'auni na haura 40 kusan kullum, a ɗakin kwano, ga ɗaukewar wuta.

Saboda haka muna kira ga ofishin ministan lafiya da ya ɗauki darasin tun ba a kafa gidajen kuɗi ba, domin ranar da wani attajiri zai ga akwai kasuwa a cikin iyayen ma'aikata da na ƴan ci-rani, zai gina, kuma gyaran ƙa'ida bayan an zuba jari ya fi wuya, kamar yadda kotun Texas ta nuna. Duk wanda zai karɓi tsofaffi ya kwantar don kuɗi, ko sunan wurin gidan tsofaffi ne ko kilinik, a ɗora masa sharaɗin rubutaccen tsari ga kowane mutum, da adadin ma'aikata na dare, da haƙƙin iyali su karanta dosiye duk lokacin da suka so. Mai dubawa kuma kada ya zama mai sayar da maganin.

Amma akwai abin da ba ya bukatar doka ko kasafin kuɗi, kuma majo na ƙaramin asibitin ƙauye zai iya fara shi gobe. Kowane maras lafiya yana da karne. Duk lokacin da aka rubuta wa wanda ya haura shekara 60 maganin ƙwaƙwalwa ko na barci, a ware shafi guda a rubuta: wane hali ne ya sa aka bayar, an duba ciwo da fitsari da bayan gida da ji da gani ko ba a duba ba, wa aka yi wa bayani a cikin iyali, wa ke riƙe da maganin a gida, da ranar da za a dawo a gwada ragewa. Farmasi kuma ta ƙi sayarwa da ordonans ɗin da ranarsa ta wuce. Ɗan da ke aiko kuɗin magani daga Kwatano ko Abijan, in ya bugo waya aka ce masa Baba ya samu sauƙi, yanzu ba ya damun kowa, ya nemi a karanta masa wannan shafi, ya tambaya ko Baban yana tashi alwala da ƙafarsa, ko yana gane mai kawo masa fura, da kuma kofi nawa na ruwa ya sha jiya.